Uwaisu da Ɗigon da Ke Ƙarƙashin Idon Ɗaneye

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, da hantsi, ina tsaye a ƙofar shagona na magani a Safana ina kallon rana ta sauka a kan dammunan gero da aka jibge a tsallaken titi. Ina cewa a raina da Uwaisu yana nan da tuni ya tura ni ɗauko kyamara, sai wayata ta yi ƙara. Uwaisu, ƙaninka Yazid ne. Ya ce Allah ya karɓi ranka a asibiti a Katsina bayan jinyar kwana tara. Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake faɗa, na kuma faɗa, idona yana kan geron nan ban iya ɗauke shi ba. Bayan La'asar muka kai ka makwancinka a Batsari.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Uwaisu Lawal malamin kimiyya ne a wata sakandare a Batsari, ya rasu yana da shekara arba'in da ɗaya. Ba shi da shagon hoto, bai taɓa ɗaukar biki ba. Son abin ne kawai Allah ya ɗora masa, kamar yadda ya ɗora mana mu bakwai da muka haɗa ƙungiya tsakanin Batsari da Safana, muna turo wa juna hotuna a waya, muna gardama a kan kayan aikin da yawancinmu ba mu taɓa riƙewa ba.

Uwaisu, kyamararka tsohuwa ce, ta hannu ka samo ta a Kano, robar jikinta duk ta saɓule. Gilasanta uku ne, kowanne kana naɗe shi a tsohon ɗankwalin matarka Maijidda, kuma kowanne ka raɗa masa suna. Dogon nan mai jawo abin da ke nesa shi ne Magulmaci. Mai faɗin da ke kwashe gona da sama gaba ɗaya shi ne Mai Haɗama. Ƙaramin mai lamba hamsin kuwa Mai Gaskiya kake ce masa, don a cewarka yadda idon mutum ke gani haka yake gani. Kai ka hana ni hura wa gilashi iskar baki. Kai ka nuna mini cewa idan ƙura ta shiga cikin kyamara ta zauna, za ta riƙa fitowa a hoto kamar ɗan baƙin ɗigo, kullum a wuri ɗaya.

Ban taɓa ganin mai jiran haske irinka ba. Wata rana a Karare ka ajiye ni a gonar gyaɗa awa biyu cur, wai muna jiran wani gajimare ya matsa. Na yi mita har bakina ya bushe. Da gajimaren ya matsa, ganyen gyaɗar ya kama wani irin kore, wata mata mai tallar awara ta ratso ta tsakiya da jan mayafi, ka danna sau ɗaya tak, ka ce mu tafi. Har yau idan na rufe ido ina ganin gonar nan, ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ina jin kana dariyar mitata. A Darini kuma akwai tsofaffi da yawa da ba su da wani hoto a duniya sai wanda ka ɗauka, ka wanke, ka hau babur ka kai musu har gida.

Ni gwanin gyara ne a ƙungiyar, ko kuma haka na ɗauki kaina. In na zauna gaban kwamfuta sai na ƙara wa sama shuɗi, na goge tabo, na share wayar lantarki, na sa fatar dattijo ta koma ta ango. Ka sa mini suna Nazifi Mai Wanki da Guga. Kai ma kana gyara, amma iyakarka ka ɗaga inuwa kaɗan, ka rage ƙyallin rana. Kuma ba ka taɓa goge ɗanyen hoto, wato ainihin wanda ya fito daga kyamara kafin hannu ya taɓa shi. Muna yi maka tsiya cewa ka cika ma'ajiyarka da shara, kana murmushi ka ƙyale mu.

A daminar bara ka je wata ruga kusa da Ruma, wurin wani dattijo da ake kira Jinjiri da matarsa Inna Asta. Suna da wata farar saniya, Ɗaneye, wato Fara da Fillanci, jikar saniyar da aka ba Inna Asta sadaki. Ka ɗauke ta hoto tare da Jinjiri yana riƙe da igiyarta, ka turo mini ka ce in daidaita maka hasken kawai, don kana so ka wanke ka kai musu. Na buɗe hoton, na ga wani ɗan baƙin ɗigo a ƙarƙashin idonta na hagu. Na ce yau na kama Malam da ƙura a kyamara. Dannawa ɗaya na share shi, ban ma faɗa maka ba.

Ka wanke hoton ka kai. Inna Asta ta karɓa da hannu biyu, ta duba, ta juya shi, ta ce, “Malam, Jinjiri dai shi ne. Amma wagga ba Ɗaneye ba ce.” Ta riƙe hoton don kunyarka, ta yi godiya. Daga Ruma ba ka tsaya gida ba, sai shagona. Ban taɓa ganin ranka ya ɓaci haka ba, kuma ko a ranar ba ka ɗaga murya ba. Ka ce, “Nazifi, abin da ka goge da shi uwar gida take gane dabbarta cikin ɗari. Ka tambayi mai abu kafin ka yi masa kwalliya.” Na ba ka haƙuri, ka ce za ka sake wanke na gaskiyar ka kai mata.

Mako biyu bayan haka ɓarayin daji suka faɗa rugar, suka kore shanun kaf. Jinjiri bai yi wata uku a bayansu ba, hawan jini ya kwantar da shi, ya rasu. Inna Asta ta dawo Batsari da jikokinta marayu uku, tana sarin nonon wasu tana damawa da fura a bakin tasha. Na tuna maka maganar hoton, ka ce a bari tukuna, ba za ka kai wa mace hoton abin da aka raba ta da shi ba. Haka maganar ta kwanta.

Ranar addu'arka ta uku, muna zaune a zaure, aka ce wata tsohuwa tana son ganina. Inna Asta ce. Ta yi mini gaisuwa mai tsawo, ta yi maka addu'a, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. An ƙwato wasu shanu daga daji, an tara su a wani fili a Safana, an naɗa dattawa su tantance masu su. Ɗaneye tana ciki. Ɓarayin sun ƙone tambarin jikinta da wani ƙarfe. Inna Asta ta kira ta, saniyar ta ɗaga kai ta dube ta amma ba ta taso ba, don muryar Jinjiri ta saba da ita, ga wata goma sha huɗu a hannun baƙi. Wani mutumin Karare mai suna Sule, wanda shi ma aka kore masa farar saniya, ya rantse tasa ce, kuma ba na jin ƙarya ya yi niyya. Da aka nemi shaida, Inna Asta ta zaro hoton nan daga jakarta don a ga mijinta riƙe da igiya. Dattawan suka duba hoto, suka duba saniya. Ta fili tana da ɗigo, ta hoto ba ta da shi. Hoton da ta kawo ya zama hujja a kanta. Sun ba ta wa'adi zuwa Alhamis ta makon gaba.

“Malam ya ce mani akwai na gaskiya,” in ji ta. “Ga shi ya tahi. Kai ne abokinsa.”

Ban iya dubanta ba. Hannuna ne ya yi wannan ɓarna, wanda zai gyara ta kuma mun rufe shi da ƙasa shekaranjiya.

Maijidda tana takaba, ta aiko Yazid da kwamfutarka da ma'ajiyar hotunanka. Na buɗe ina tsammanin zan ga an jera su da shekara ko da sunan gari kamar na kowa. Ina! Uwaisu, ashe da haske kake jera hotunanka. Ga wata jaka a cikin kwamfutar ka rubuta “Hantsi”. Ga “Inuwar kuka”. Ga “Hadari bai sauko ba”, ga “La'asar sakaliya”, ga “Hayaƙin girki”. Hotuna sun fi dubu arba'in. Na yi dariya ni kaɗai a zaure, sai ga hawaye.

Kwana biyar ina bi, daga safe zuwa Magariba, ina tashi in amsa gaisuwar masu zuwa in koma. Na ga duwatsun Ruma suna tururi bayan ruwa. Na ga mata suna tsallaka rafi da ƙwarya a kafaɗa, inuwarsu tana tafiya a ƙarƙashinsu. Na ga ƙauyukan da yau babu kowa cikinsu, ga su da hayaƙi yana tashi, kaji suna tono, wani ya shanya riga a kan danga. Sau da yawa sai in mance abin da nake nema, in ji kamar ina bayanka a babur muna tafiya, kana nuna mini abu da haɓa. Amma Ɗaneye ban gan ta ba, ga Alhamis tana matsowa.

Ranar Laraba na je bakin tasha na sami Inna Asta. Na yi mata tambayar da na san za ta zama wauta a kunnen kowa. Na ce, “Inna, ran da Malam ya zo ɗaukar hoton, yaya garin yake?” Ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Ta ce an kwana ana ruwa, ya ɗauke da safe, tana tatsa rana ta fito ta ƙarƙashin hadari, har ka ce mata kada ta motsa. Na koma da gudu. Akwai jaka mai suna “Ruwa ya ɗauke”. A cikinta na same su, guda goma sha ɗaya a jere, ɗanyu, babu wanda ya taɓa su, kowanne da ranar da aka ɗauke shi.

Ranar Alhamis na ɗora kwamfutarka a kan benci a gaban dattawan. Na fara da faɗin laifina, cewa ni na goge ɗigon. Na nuna musu Jinjiri da igiya, na nuna Inna Asta tana tatsa, sannan na buɗe na ƙarshe, wanda ka matsa kusa ka ɗauki kan saniyar da Mai Gaskiya. Na jawo hoton ya girma. Ga ɗigon nan a ƙarƙashin idon hagu, kamar ƙwayar wake, daidai inda yake a jikin saniyar da ke ɗaure a gabanmu. Sule ya sunkuya ya daɗe yana kallo, ya je ya duba saniyar, ya dawo ya ce, “Tata ce. Allah ya maido mani tawa.” Muka ce amin, kuma da gaske muka faɗa.

Inna Asta ba ɗigon take kallo ba. Ta kai yatsa kusa da gilashin kwamfutar, ta nuna cikin idon saniyar. Na ƙara jawowa. A cikin baƙin idon nan mai sheƙi ga sararin samaniyar Ruma, hadari yana janyewa, rana ta leƙo. A tsakiya ga wani ɗan mutum ya durƙusa da gwiwa ɗaya a cikin taɓo, da farar hula, kyamara ta rufe masa rabin fuska. Kai ne, Uwaisu.

“Ga Malam nan,” in ji ta. “Da kanshi ya zo ya ba da shaida.”

 Daga nan ta kwance igiyar, ta yi wa saniyar wata magana da Fillanci a kunne, suka kama hanyar Batsari a ƙasa, don ta ƙi yarda a saka ta a mota.

Ya Allah, ga bawanka Uwaisu ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka sanya jinyarsa ta zama kaffara, ka sanya nonon da marayun nan uku za su sha ya zama sadaka mai gudana a gare shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa Hajiya Bushira, da matarsa Maijidda, da 'ya'yansa Lubna da Abdulhakim, da ƙaninsa Yazid, da ɗalibansa, da mutanen Ruma da Darini da Karare da suka yi ta zuwa a ƙafa da babur. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya raya abin da ya bari, ya kyautata namu ƙarshen.

Na wanke hoton idon nan guda biyu, ɗaya na Inna Asta, ɗaya na Maijidda. A gefensa na sama akwai wani ɗan duhu, wanda a wannan karon na tabbata ƙurar kyamararka ce. Kafin in wanke, na daɗe ina kallonsa, hannuna a kan kwamfuta. Na bar shi yadda ka bar shi.

Nazifi Abubakar, Safana