Hannun da Ya Ƙi Kama Bitesi

Salamu alaikum 'yan Zongo, na gida da na waje. Wata tara ke nan ban ce uffan a dandalin nan ba. Na ji har an ce na mutu. Ban mutu ba, ni ne Hamidu Bahago, direban kamiyo, babbar motar da ke ɗauko duwatsu daga ramin Pissy, ina zaune a siber, shagon intanet, ina danna wannan da yatsa ɗaya.

Abin ya fara ne a kwanon tuwo. Kun san ko bahago da dama yake cin abinci, tun muna yara aka koya mana da bulala. Ran nan na yanko loma, kafin ta kai baki ta faɗi a riga. Matata Rakiya ta yi dariya ta ce, "Malam, hagun ce ta motsa?" Ni ma na yi dariya.

Bayan kwana biyu, a cikin mota, hannun dama ya ƙi sa bitesi, wato giya. In tura, in tura, sai ƙara kawai take yi. Sai na saki sitiyari na miƙo hagu na sa. Na ce a raina, ai dama can hannun nan ba shi da ƙarfi.

Wannan maganar ce ta kusa kashe ni. Shekara goma sha biyar ina tuƙi, kuma duk shekarun nan ina jin mutane suna cewa bahago ba ya iya mota, tun da bitesi a dama yake. Da hannun ya fara mutuwa, kowa ya riga ya san dalili. Har ni.

Mutum ɗaya ne bai yarda ba: Issufu, abokin aikina ɗan Nijar, wanda muke karɓa-karɓa da shi a mota ɗaya. Yana zaune gefena ranar da muke gangarawa ramin Pissy. Ƙafata ta dama ta yi nauyi a kan birki, motar ta ci gaba da tafiya, ga mata zaune suna fasa dutse. Issufu ya ja birkin hannu. Mun tsaya taku kaɗan daga wata mai goyo.

Washegari Alhaji mai motar ya kira ni shagonsa na atamfa ya ce, "Hamidu, ba ni makulli. Ka je likita ya duba ka."

Na fito a fusace. Wa ya kai masa labari? Issufu. Wa zai riƙe motar shi kaɗai? Issufu. Sai na fara tuno abubuwa. Goron da ya ba ni ran Juma'a. Yadda ya riƙe hannuna ya daɗe a gaisuwa. Na haɗa su duka na ce sammu ne. Ban ɓoye ba, a majalisar mai shayi na faɗa, gaban kowa.

Sati biyu ina shan rubutu ina turare. Ban je asibiti ba, don zuwa asibiti kamar yarda ce da maganar da Issufu ya kai wa Alhaji.

Wata safiya ina alwala, buta ta suɓuce. Na kira Rakiya, maganar ta fito a karkace. Ta dube ni ta ce, "Malam, bakinka." Ta ruga waje neman mota. Wanda ya zo kuwa Issufu ne. Ko a lokacin, ina kwance a bayan taksi miyau na zuba, tunanina shi ne ya zo ganin aikinsa.

A asibiti aka gwada jini, aka sa ni cikin na'urar hoton kai. Hoton nan kaɗai ya cinye keken ɗinkin Rakiya. Likitar, wata mace Bamosa, ta ce tansiyo ce, hawan jini, ta taɓa jijiya a ƙwaƙwalwa. Na ce mata da karkataccen bakina, ni bahago ne. Ta ce, "Et alors? To sai me? Jini bai san hagu da dama ba. Tun ranar lomar nan ya kamata ka zo."

Kwana goma sha ɗaya na yi a gado. Na ji tsoro, ba zan yi ƙarya ba. Ba tsoron mutuwa ba, tsoron in zama mai zaman ƙofar gida ana ba ni sadaka.

Sai gashin ƙashi na wajen masu motsa jiki. Matsa ƙwallo, tsinci wake ɗaya-ɗaya, taka, sake takawa. Gardi kamata yana kuka a kan ƙwayar wake. Wata shida.

Da likita ta sa hannu cewa zan iya komawa, na je wurin Alhaji ina jiran a ce an ba wani gurbina. Ya ce, "Sau uku na kawo direba, Issufu ya ce shi zai yi aikin mutum biyu har ka tashi."

Ranar farko Issufu ya zauna gefena. Ina ganin hannunsa ta wutsiyar ido, a kan gwiwa, kusa da birki. Muka gangara ramin, muka ɗauko duwatsu, muka sauke a unguwar Wemtenga. Bai taɓa komai ba.

Shawarata: in hannu ko ƙafa ya yi nauyi, in baki ya karkace, kada ku nemo masa dalili a gida. Ku tafi asibiti ranar. Direbobi, ku gwada jininku ko kuna jin lafiya. Ku rage gishiri, ku sha magani ko ya ishe ku.

Na gode wa Allah. Na gode wa Rakiya da Alhaji da likitata.

Issufu, ka ce in bar maganar, ta wuce. Ba ta wuce ba. A gaban mutane na ce ka yi min sammu, har yau akwai gidajen da ba a amsa sallamarka da kyau a Zongo saboda bakina. To a gaban mutane nake janyewa. Ƙarya na yi maka. Ka yafe min.