Peronel, Matar Cikin Bango

Peronel mai wankau ce a bakin kogin Sen, a wani ɗan gari gabas da Paris. Iyayenta sun rasu tana 'yar shekara goma sha biyar, ita ta raini ƙaninta Aubri har ya zama saurayi. Mace ce mai baki. In tana bugun wanki a kan dutse, tun daga gada ake jin dariyarta.

A shekarar da Sarkin ƙasar ya tashi daga ciwon da aka fid da rai, ya yi alwashin kai yaƙi Ƙasa Mai Tsarki ta Kiristoci, aka yi ta wa'azi a coci-coci. Rannan sai ga Aubri da jan gicciye ɗinke a kafaɗa, alamar masu tafiya yaƙin.

"Wa ya ɗinka maka wannan?" in ji Peronel.

"Haba Yaya, Sarki ma da kansa zai je. Mutumin da ke wanke ƙafar talakawa fa!"

"Shi yana da masu riƙe masa gida. Ni wa gare ni?"

Aubri dai ya tafi. Daga baya labari ya zo cewa an ci rundunarsu da yaƙi a Masar, an kama Sarki, waɗanda ciwon ciki ya kashe sun fi na takobi yawa. Peronel ta bar wanki a ruwa, ta ruga coci. A jikin cocin akwai wani ɗan ɗaki da ake toshe ƙofarsa da duwatsu in mai ibada ta shiga, ba fita sai mutuwa. A gaban jama'a ta ɗaga murya ta rantse, in Allah ya maido mata Aubri da rai, ita ce za ta shiga.

Shekara huɗu bayan haka sai ga shi ya dawo, a rame, yana ɗingishi, rabin haƙoransa sun zube. Sati uku tana ɗura masa miyar albasa da gurasa. Sai Fada Reno, limamin cocin, ya yi sallama.

"'Yata, Allah ya cika nasa. Saura naki."

"Fada, ruɗewa ce ta sa ni. Dubi shi, ko cokali ba ya iya riƙewa."

"Gari duka ya ji ki. Ni ba ni da ikon kwance abin da ba ni na ɗaura ba."

Matan bakin kogi suka ƙara da nasu, wai in ta saɓa, abin da aka ba ta za a karɓe. A satin nan zazzaɓi ya kwantar da Aubri, tsoro ya gama da ita. Aka yi mata addu'ar mamata tana tsaye da ranta, ta shiga, magini ya jera duwatsu.

Taku huɗu ne tsawon ɗakin. Taga ɗaya na kallon cikin coci, ɗaya na kallon maƙabarta. Da sanyin farko ya shigo, ta yi ta ihu tana kartar bango har faratanta suka kakkarye. Mutane suka ce da Shaiɗan take faɗa, suka ƙara kawo mata gurasa da cuku.

Da fari kullum Aubri na bakin taga. Da ya yi aure, sai ranar Lahadi. Daga baya sai a ranakun idi.

"Yaya, da kin bar ni na mutu can," ya ce mata wata rana. "Duk inda na wuce nuna ni ake yi, ga wanda aka binne yayarsa dominsa."

"Rufe mini baki, sakarai. Matso in ga ƙafar."

A hankali mata suka fara kawo mata kukansu. Ba ta iya wa'azi ba, gaskiya kawai take faɗi. Wata ta zo da ƙarar miji, Peronel ta ce mata, "Jaki kika aura, ai kin ga kunnuwansa tun kafin biki." Matar ta tafi tana dariya. Peronel ta bi ta da ido har inda taga ta ƙare.

Shekara goma sha shida tana ciki Sarki ya sake fita yaƙi, ya rasu a can. Kafin shekara ta zagayo Aubri ma ya rasu. Aka haƙa kabarinsa ta gefen hagu, inda ko ta manna fuska a taga ba ta hangowa. Muryoyin masu addu'a kaɗai ta ji.

Ta sa aka kira Fada Reno, wanda a lokacin da sanda yake tafiya.

"Fada, wanda na shiga dominsa ya tafi. A buɗe mini in zauna a bakin kabarinsa, ko na yini ɗaya."

Tsohon ya sunkuyar da kai, ya ce zai rubuta wa Bishop, shugabansa. Wata bakwai kafin amsa ta zo: da Allah aka yi alkawarin, ba da Aubri ba. Fada ya karanta mata yana kuka. Ita ba ta yi ba, sai ta ce a ƙaro mata bargo, sanyi ya kusa.

Ta ƙara shekara tara. Da ta rasu aka fasa bangon, aka binne ta a ƙasan ɗakin. An yi shela ko akwai mai son shiga bayanta, ba wadda ta amsa. Daga baya itacen wuta aka riƙa ajiyewa a ciki.