Kawu Dakta da Zoɓon Suna

Ku da kuka san Kawu Dakta kun san bai taɓa kai hancinsa bakin kwano ba. Ko miyar kuka aka ajiye masa, sai ya ja baya ya riƙa fifito tururin da tafin hannu, wai haka masanin kimiyya ke shinshina abin da bai sani ba. Inna, mahaifiyata kuma ƙanwarsa, takan ce, "Haba Yaya, miyata ta, ba guba ba!" Shi kuwa ya ce, "Duk wanda yac ci guba haka anka ce mai." Sannan ya tashi da malmala uku.

Kemistiri yake koyarwa a jami'a a Sakkwato, amma hankalinsa na kan makarantun ƙauyukanmu. Abin da ke ci masa rai shi ne ɗan birni ya shiga jarrabawa hannunsa ya saba da kwalaben gwaji, namu kuwa sai a zanen allo suka san su. Shekarar da za mu shiga aji huɗu, shugaban makarantarmu ta 'yan mata a wajen Gummi ya ce an soke ajin kimiyya, tunda babu ɗakin gwaji. Kwana biyu ina kuka. A na uku sai ga Kawu a ofishinsa.

"Malam, mi ad ɗakin gwaji?"

"Ɗaki da kayan aiki, Dakta."

"To ɗaki kuna da shi. Kaya kau suna madahwin ƙanwata."

Haka aka dawo da ajin. Daga ranar Inna ta rasa sukuni. Kanwa, tsamiya, toka, ludayi, babu abin da ya tsira. Duk Asabar sai ya ɗaure su a bayan babur, yau mu, wani makon Anka, na gaba Bukkuyum. In yarinya ta noƙe ya daka mata tsawa: "Taɓa da hannunki! Ba ya cizo!"

Wanda ba a mantawa shi ne na ranar sunan ɗan maƙwabtanmu. Inna ta dafa zoɓo bokiti guda, ba ta kai ga sa sukari ba Kawu ya tara mu zai nuna mana yadda kanwa ke juya launinsa. Maimakon ya ɗiba a kofi, zumuɗi ya sa ya tuttula ruwan kanwar a bokitin. Zoɓo ya koma kore shar!

Inna ta ɗora hannu a ka. "Na shiga ukku! Mi za ni ba baƙi?"

"Kwantar da hankalinki, miƙo tsamiya."

Ya zuba, ja ya dawo, aka sa sukari aka kai zaure. Liman ya kurɓa, ya ce, "Da daɗi, sai dai kamar da ɗan gishiri-gishiri." Kawu ya zabura ya leƙo cikin gida: "Kun ji ko? Tsami da kanwa sun haihi gishiri! Liman ya shaida, ku rubuta!"

Shekara uku muna haka. Ranar jarrabawar gwaji aka aro kayan gaske daga birni, kuma na kama su kamar kayan madafin Inna. Da launin ruwan gwajin ya juya ban san sanda na ce "Ya yi!" da ƙarfi ba, har mai tsaron jarrabawa ya harare ni.

Da damina ta yi nisa Kawu ya kwanta, ciwon kwana shida, ya rasu. Bai ga sakamakon ba.

Ranar da na karɓo takardar na ga na ci, sai na kwasa da gudu, har na kai rabin hanya kafin na tuna babu wanda nake gudun in nuna wa. Na isa gida na miƙa wa Inna. Ba ta iya karatun boko ba. Ta juya takardar, ta ce, "Ina wurin nashi?" Na nuna mata layin kemistiri. Ta ɗora yatsa a kai, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Wallahi har yau ina kewarka, Kawu. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa hannuwan da ka koya wa taɓawa su zame maka shaida.