Gwangwanin da Ya Kai Ni Makaranta

Watan nan na Rajab shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar maigidana, wanda mutanen cikin birni suka sani da Mai Majigi. Sunansa na yanka ba zan rubuta ba. Shekara talatin da ɗaya muna tare ban faɗe shi ba, ba kuwa a jarida zan fara ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa, har da abin da ya yi mini wanda zan faɗa yanzu.

Ga waɗanda ba su riske shi ba, sana'arsa ɗaukar fim ce, irin na da, baƙi da fari, marar murya. Ya daɗe yana bin motar majigi ƙauye-ƙauye. Da ya gaji da jiran a kai fim wani gari a wanko, sai ya sayi tsohuwar kyamara a gwanjo, wadda ake wanawa kamar agogon bango, ya mai da gidana wurin wankin fim.

Ranar wanki ni ce baiwa. In jawo ruwa guga bayan guga, in tace da ƙyalle, in miƙa ta bakin ƙofa. Shi kuwa ya kulle kansa a ɗaki da ruwan magungunansa masu wari, ya toshe kowace kafa, yana ta nanata mini cewa haske ajalin fim ne. In ya gama sai shanya. Zaren fim tun daga bishiyar darbejiyar tsakar gida har ƙofar zaure, a je a dawo, a je a dawo. Ranar nan ba shara, ba daka, ba hura wuta, kaji suna akurki. Wai ƙwayar ƙura ɗaya in ta manne, bawan Allah zai dawwama da ƙari a goshi. A gidanmu ranar shanya, ko atishawa sai ka fita waje. Garin kwaki muke sha mu gode Allah.

Duk wannan na haƙura. Zo mu zauna, ai zo mu saɓa ne. Abin da ban haƙura ba shi ne ranar da na dawo daga Babbar Kasuwa na tarar da zanen saƙin da uwata ta ba ni a jikin taga, an buga masa ƙusa takwas. Wai shi ne mai kaurin da haske ba ya ratsawa.

Na sauke kwando, na ci ɗamara da gyale, na faro tun daga ranar da aka kawo ni gidan. Malam ya miƙe tsam. Ya shiga ɗaki ya fito da kyamara, ya wana ta a tsanake, ya saita ni. Yana ɗauka ina ƙara wuta. Minti uku fim ya ƙare, ni ban ƙare ba.

Bayan mako guda, da hantsi, ya kira ni da yayarsa, Yaya Indo, ya rufe ɗaki, ya rataya farin ƙyalle. Sai ga ni, baki har kunne, yatsa yana sukar iska, ba sauti ko kaɗan. Da ma aikinsa ne a ƙauye ya riƙa yi wa mutane bayanin abin da suke gani. Sai ya siranta murya ya ɗora a kan bakina: "Sannu da aiki, Malam. Allah Ya bar mana kai. Ga sauran zannuwana nan in ƙusa ta rage."

Yaya Indo ta yi dariya har goro ya sarƙe ta, sai da muka bubbuga mata baya. Tun daga ranar, da na ɗaga murya sai ya dubi kantar da yake jera gwangwanayen fim ya ce, "Hauwa, halan in ɗauko?"

Nakan zauna in yi tunanin me zai ce da ya ga zamanin nan. Shi da ba ya danna kyamara sai ya yi bisimilla, don minti uku gare shi, in ya ɓata ya ɓata. Shekaranjiya mai keke ya ɗauko ni daga Batagarawa, hannu ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana ɗaukar fuskarsa da waya yana murguɗa baki. Ana ɗaukar tuwo kafin a ci, ana ɗaukar mai jego, ana ɗaukar makara. Na san abin da Malam zai tambaya, ba wa'azi zai yi ba, cewa zai yi, "To wa zai wanke duk wannan?" Kuma yau mace ba ta gama faɗa da maƙwabciya ba, Legas sun gani, da murya, da kowane baƙi da wasali. A nan na yarda Malam mai rufin asiri ne. Shi muryar ya bari a gida.

Amma a lokacin ban ga haka ba. Ina fita takaba na ƙudura sai na ƙone gwangwanin nan kafin surukai su gan shi. Sai dai gwangwanaye sun kai arba'in, kamarsu ɗaya, kowanne da 'yar takarda da ya rubuta da boko, ni kuwa ko sunana ban iya karantawa ba. In tambayi 'ya'yana, sun ji abin da nake ɓoyewa. In buɗe in duba, haske ya kashe aikin bawan Allah na shekara talatin. Ban taɓa tambayar kaina yadda wanda muke shanyawa a tsakar gida yake tsira ba, maganarsa kawai na riƙe. In ƙone duka, me zan ce masa gobe ƙiyama?

Da shekara hamsin a duniya na sayi fensir na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ranar farko Malama ta bi mu ɗaya-ɗaya tana tambayar abin da ya kawo mu. Wata ta ce katin asibiti, wata ta ce wasiƙar ɗanta. Ni na ce, "Akwai abin da zan ƙona." Ta wuce ta gaba ba ta sake tambayata komai ba.

Shekara biyu ina haɗa baƙi. Ranar da na ji na isa, na sauko da su ina bi da yatsa. Kasuwar auduga. Haƙar rijiya a Batagarawa. Rigakafin shanu. Can ƙasa na same shi, da rubutunsa mai kwanciya: "Hauwa tana bayani."

Bayani! Na hura wuta a murhu, na zauna da gwangwani a cinya ina sake karantawa, har itace ya zama toka. Na jefa shi ƙasan adaka na ce gobe. Goben nan ta kusa shekara ashirin.

Bara ɗakin ya fara wani wari kamar ruwan tsamin da ya kwana uku. Autata Rabi, wadda take aikin jinya, ta kawo wani Dakta daga jami'a mai tattara tsofaffin finafinai. Yana zama ya ɓalle murfin gwangwani da rana tsaka. Na yi kansa da mafici ina salati. Da ƙyar Rabi ta riƙe ni.

"Hajiya, ki yi haƙuri," in ji shi, yana kare hularsa. "Fim ɗin da ba a wanke ba shi haske yake kashewa. Wankakke iska yake so da sanyi. Rufewar nan ita ta cuce su."

Ashe shekara ashirin ina gadi, ni ce ɓarauniyar. Ya ce tsamin nan ciwo ne, yana bin gwangwani zuwa gwangwani kamar ruɓaɓɓen tumatir a kwando. Wasu sun riga sun manne kamar alewa. Wanda aka kwafa a na'ura ya tsira, za a adana shi inda kowa zai iya kallo. Wanda aka bari, bana ko baɗi ya tafi.

Na ba shi duka, ban da na adaka. Amma hancin ma'aikaciyar jinya ba ya ƙarya.

"Inna, adakarki ma tana warin nan."

"Daddawa ce."

"Inna, ni kika haifa. Daddawa ba ta wannan wari."

Kwana uku ina juya abin. In na bayar, surukaina za su gani, jikokina za su gani, har matan Islamiyyar da yanzu ni ce mai yi musu nasiha a kan haƙuri da miji. In na yi shiru, zai ruɓe da kansa, ba ashana ba alhaki, abin da na shiga makaranta dominsa ya zo har gida. Sai ga shi na kasa barinsa ya ruɓe. A rana ta huɗu na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na miƙa wa Rabi, na ce sharaɗi ɗaya, kada wani ɗan zamani ya sa mini murya.

Gwangwani shida sun mutu, Allah bai yi za a gan su ba. Sauran sun tsira. Mutanen da suka haƙa rijiyar nan duk sun kwanta dama, amma ga su suna miƙa wa juna guga, jikokinsu suna nuna su da yatsa. Wannan kaɗai ya isa a ce mutum bai zo duniya a banza ba.

Nawa kuwa, Rabi ta kawo shi a kwamfuta wata ranar Juma'a bayan la'asar. Na ga wata siririyar yarinya da haƙoranta cif, tana zuba bayani. Gaskiya ta yi kyau, kuma gaskiya ta fi ni baki. Sai dai hoton yana ta karkarwa, sama da ƙasa, sama da ƙasa.

"Dakta ya ce a ba ki haƙuri," in ji Rabi. "Duk finafinan Baba a tsaye suke cak kamar an dasa kyamarar a ƙasa. Wannan kaɗai ke rawa. Yana jin tsamin ne ya taɓa shi."

Ba tsami ba ne. Malam in dariya ta ci ƙarfinsa ba ya buɗe baki, kafaɗunsa ne suke rawa. Na bi finafinan nan kaf, babu fuskarsa ko a ɗaya, kullum yana bayan kyamara. Ko inuwarsa bai bari ta shiga ba. Abin da ya rage mini na jikinsa a duniyar nan shi ne wannan karkarwa ta minti uku.

Daga baya Dakta ya aiko cewa na'urarsu tana iya tsayar da hoton ya daina rawa. Na ce Rabi ta gaya masa, cikin girmamawa, in ya kuskura ya taɓa shi, ni da shi ne har gaban alƙali. Bawan Allah yana dariyarsa kusan shekara hamsin, ni da aka yi wa ban iya hana shi ba, sai wani Dakta?