Gorar Baba Isiyaku

Shekara talatin da ɗoriya, ana idar da sallar asuba Baba Isiyaku zai ɗora wa jakinsa mangala ya haura fako, can sama da ƙauyenmu a hanyar Dogarawa. Duwatsu yake tsinta. Yana jera su layi-layi a gicciyen gangare, yana toshe bakin kwazazzabai, don ruwan sama ya sauke ƙasar da ya kwaso kafin ya isa baraji, wato madatsar ruwanmu. Mu da muke noman albasa da ruwan barajin nan, ba'a muke masa. Sarkin Duwatsu muke kiransa, mu ce bara ma ya girbe dame ɗari na tsakuwa.

Yana da wata doguwar gora. Duk ƙarshen damina yakan shiga ruwa daidai bakin ƙofar baraji, ya kafa ta har ta taɓa ƙasa, ya tsaga inda ruwa ya tsaya. A shekarar farko, in ji shi, ruwa haɗiye ta ya yi gaba ɗaya. Na san wannan ruwan. Baƙi ne, mai sanyi, da tarwaɗa kamar cinyar mutum, kuma ban ruwa yakan kai mu har bazara. Wallahi ina kewarsa. Yanzu inda muke ninƙaya a da, awaki ke kiwo.

Wata shekara maƙwabcinsa Munkaila ya kwashe layi uku na duwatsun ya kafa harsashin ɗaki. Ruwan farko ya raba gonar Munkailan gida biyu, ya zuba ta a baraji. Kowa ya ce a kai ƙara wurin hakimi. Isiyaku ya ƙi. Da gonar Munkaila ya fara gyara.

"Baba, ni da na yi maka ɓarna?" in ji Munkaila, kansa a ƙasa.

"Ba ni ka ɓata ma ba, ɗana. Rairai bai san iyakar gona ba. In munka bar shi nan bisa, gobe ga albasarka za ka ishe shi. Miƙo min wancan dutsi."

Baba Isiyaku, kai ne ka tsare mana ruwa a wurin da babu ruwa. Ba ka da ko fangali ɗaya a ƙasan baraji, amma babu buhun albasar da ya tafi kasuwar Konni ba da guminka a ciki ba. Mun ci, mun ƙoshi, ba mu taɓa cewa sannu ba.

Bana gwiwoyin Baba Isiyaku sun ƙi. Ya ba ƙanensa jakin, ya aiko mini da gorar. Na shiga na kafa ta, ruwa iyakar ƙirjina. A nan na duba tsagun da kyau. Na shekarun farko tsakaninsu taki guda, na bayan da layukansa suka yawaita kuwa ɗan yatsa ne kawai.

Da na koma, tun ban zauna ba ya ce, "Ina ta tsaya?"

Na nuna masa. Ya shafa wurin da babban yatsa, ya daɗe.

"Da saura," ya ce. "Amma wa za shi hau fako?"

Allah ya saka maka da alheri, Baba, ya ƙara lafiya. Mu kuma masu albasa, duwatsu na nan a fako, damina ba za ta jira mu ba. Gorar tana zaurena, kuma abin da ya rage a ƙasan tsagar bana bai fi kamu uku ba.