Jatau da ƙwan jatan lande

Jatau ɗan masunta ne daga wani ƙauye a bakin madatsar Bakalori, ta wajen Maradun. Yana da shekara ashirin da biyar ya bi motar albasa zuwa Legas, ya kuma yi shekara tara a jirgin da ke kamun jatan lande a teku. Aikinsa tsinta: a juye koma a kan jirgi, shi ya ware manya da ƙanana a kai su ƙanƙara.

A shekararsa ta huɗu wata malamar jami'a ta shiga jirgin nasu da ma'auni da littafi. Sauran ma'aikata ba su kula ta ba. Jatau ne ya tsaya yana kallon yadda take ɗaga kowace jatan lande wajen rana.

"Hajiya, mi kike nema a bayanta?" ya tambaye ta.

Ta nuna masa wani zane kore mai duhu da ya taso daga kai har wutsiya. Ta ce ƙwai ne, kuma in ya yi duhu haka ya nuna. Macen ta fi namiji girma, takan zubar da ɗaruruwan dubban ƙwai a ruwa mai zurfi. 'Ya'yan sai igiyar ruwa ta kai su bakin kogi, su girma a cikin tabo, sannan su koma teku. Kafin jirgin ya dawo gaɓa, Jatau yana riga ta gane mai ƙwai, har ta bar masa warewar.

Rasuwar mahaifinsa ce ta dawo da shi gida. Ya tarar kifin madatsa ya ƙanƙance, wasu har da gidan sauro suke kamu. Da ruwan farko ya sauka, tarwaɗa ta fara hawa lungunan ciyawa, kowa ya tare ta a can.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ya je wurin Malam Zubairu, sarkin ruwan ƙauyen, abokin mahaifinsa. Suka gaisa, aka tambayi gida da iyali da gajiya. Sannan Jatau ya fito da tarwaɗa ɗaya, ya tsaga cikinta a faranti. Ƙwai ya cika shi.

"Baba, wannan kifin baɗi ne muke ci bana. A bar lungu ɗaya wata biyu, ku gani."

"Ɗana, can teku ne. Nan ruwan ubanninmu ne, Allah ke cika shi."

"Gaskiya ne, Baba. Shi ne kuma ya sa wa tarwaɗa lokacin haihuwa."

Malam Zubairu ya ce ba zai hana mai iyali nema ba, amma lungun mahaifin Jatau nasa ne, ya yi yadda ya ga dama. Jatau ya kafa sanduna ya ɗaura jan ƙyalle, alamar kada a yi kamu a wurin. Damina biyu ana yi masa dariya, ana cewa ya zama mai gadin kifi. Matarsa Saratu ta riƙe gidan da ƙosai, ba ta taɓa ce masa ya cire sandunan ba. Sau uku ana shiga masa lungun a tuge sandunan, sau uku yana sake kafawa.

A kaka ta uku aka fara jawo manyan tarwaɗa a gefen lungun, irin waɗanda aka daɗe ba a gani ba. Mutum bakwai suka zo da kansu suka ce a haɗa da nasu lungunan. Malam Zubairu bai ce ya yi kuskure ba, amma da ruwan farko na gaba shi ya sa aka yi shelar a bar lungunan wata biyu.

Yanzu Jatau ya haura hamsin, gwiwa ta fara damunsa. Har yau akwai masu shiga lungun a ɓoye, ya san su da suna, suna gaisawa a masallaci. Makon jiya masunta daga Bakura suka aiko ya je ya nuna musu inda za su kafa nasu sandunan. Ya ce su jira ya gama shuka gero.