Hular Torvald

A wata sinima a birnin Uppsala, wani dattijo yana zaune a miƙe, tafukansa bisa gwiwa. Fim ɗin na barkwanci ne, farfesa da ɗansa suna takarar lambar yabo. Kowa na dariya ban da shi. Wanda ya taɓa binne ɗa ya san irin wannan zama.

A fim ɗin, uban ya zauna da gangan kan baƙar hular digirin ɗansa, ta lotse. Ɗakin ya kece da dariya.

Matar dattijon ta taɓa shi. "Ingvar, tashi mu tafi."

"Hular Torvald ɗinmu ce, Gunnel," in ji shi a hankali. "Abokinsa ya ce fim ɗin tunawa da shi zai yi. Da hannuna na ba shi."